Kano Ba A Bakin Badala Ta Ƙare Ba



Ku samo rubuce-rubuce goma da aka yi da Hausa a kan wuraren da ya kamata baƙo ya ziyarta a Kano, ko na jarida ne, ko na intanet, ko wanda ɗalibi ya rubuta don neman maki. Ku jera su ku karanta. Kafin ku kai na huɗu kun haddace sauran. Dutsen Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, Gidan Rumfa, badala, sai a rufe da hawan sallah. Wanda ya ɗan taɓuka ya ƙara da gidan zu ko madatsar ruwa ta Tiga. Jeri iri ɗaya, yabo iri ɗaya: wuri ne "mai daɗaɗɗen tarihi", "mai ƙayatarwa", "mai jan hankalin baƙi daga sassa daban-daban na duniya". Ƙorafina biyu ne a kan wannan jeri. Na farko, da yawa daga masu rubuta shi ba su taka wuraren ba. Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, jerin ya datse birnin daga ƙasar da ke ciyar da shi, har baƙo ya zo ya tafi yana zaton Kano daga sama ta faɗo cikin ganuwarta.

Bari in sallami na farkon da wuri, don ba shi ya tara mu ba. Wanda ya hau Dala da ƙafarsa ba zai rubuta "mai ƙayatarwa" ya yi shiru ba. Zai faɗi yadda gidaje suka matse gindin dutsen har sai ka tambayi hanya kafin ka ga matakala. Zai faɗi yadda ruwan sama ke zaizaye gefensa, da hakin da ya yi kafin ya kai sama, da kwanukan rufi da suka shimfiɗu iya ganinsa. Wanda ya shiga Ƙofar Mata zai ƙirga rijiyoyin rinin da ke aiki da waɗanda suka bushe, ya ga busassun sun fi yawa, ya tambayi dalili. Wanda ya bi badala zai neme ta ya rasa a wurare da dama, sai shaguna da gidaje a mazauninta. Tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, amma har gobe za ka ga an sa hoton sabon ginin an rubuta a ƙasa wai ya shekara ɗaruruwa. Abin da muke yi kawai shi ne mu ɗauko ƙasidar da aka rubuta wa Turawa da Ingilishi, mu juya ta Hausa, mu ɗora mata kirari a ka. Wannan lalaci ne, maganinsa kuɗin adaidaita sahu da yini guda.

Na biyun kuwa ya wuce lalaci, akwai raini a cikinsa.

Mu fara da ganuwar kanta, tunda ita muka mayar iyakar abin kallo. Tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, shi kuwa ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sarakunan bayansa suka yi ta faɗaɗa ta, har da Muhammadu Rumfa. To me aka zagaye da ita? Baturen Ingila Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Magabata sun san birnin da aka yi wa ƙawanya ba ya cin katanga, shi ya sa suka shigo da gona ciki suka rufe ƙofa. Su da suka gina badalar ba su raba birni da gona ba, mu da muka zo muka tarar ita ce muke rabawa. Dubi sunayen ƙofofin ma. Ƙofar Dawanau sunan garin da hanyarta ta nufa aka ba ta. Ƙofa ai don shige da fice ake yin ta. Me ke shigowa, daga ina, a bayan wa? Ba mai tambaya. Mu dai a tsayar da baƙo a gabanta a ɗauke shi hoto.

Haka marina. A kai baƙo Ƙofar Mata, a nuna masa allon da ke cewa tun 1498, a ce masa nan ne sirrin arzikin Kano. Ba na musun darajar wurin, kuma ina girmama dattawan da suka riƙe sana'ar har yau duk da atamfar waje da rinin kanti. Amma ƙarya ce a bar baƙo ya tafi da tunanin cewa tufafin da suka kai sunan Kano har Tambutu da Tarabulus daga wannan fili guda suka fito. Dokta Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya hau Dalar nan da muke ta ambato ya zana birnin. Abin da ya fi burge shi game da saƙa da rini shi ne ba a tara mutane a manyan masana'antu kamar yadda ake yi a Turai ba, aiki ne da ke gudana a cikin gidaje, iyali na yi suna zaune a muhallinsu. Audugar a gona aka noma ta. Mata ne suka gurje ta, suka shiɓe, suka kaɗa zare da mazari a tsakar gida. Masaƙa na ƙauye suka saƙa. Baban rini a gona yake fitowa, tokar ma daga itacen karkara. Marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincikensa a kan wannan sana'a, ya nuna cewa karofi dubbai ne a warwatse a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Kano, Kura na cikin manyansu. Birni ya kasance kasuwa da mazaunin fatake. Hannun da ya yi aikin yawancinsa a waje yake. A Minjibir har yau ana saƙar hannu, ana jin ƙarar ƙoshiya, amma sau nawa kuka ga an sa ta a tsakiyar rubutu maimakon a liƙa ta a layin ƙarshe?

Ku shiga Kurmi ku ɗaga kayan da ake tallata wa baƙi ɗaya bayan ɗaya: faifai, tabarma, ƙwarya, tulu, hula, jakar fata. Ku tambayi mai rumfa daga ina aka kawo. Zai ambata muku garuruwan da ba su taɓa shiga jerinmu ba. Fatar nan ma da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don ta can take bi ta isa gare su, fatar jar akuyar ƙasar Hausa ce, akuya kuwa a turken matan karkara ta fi yawa.

Yanzu ga abin da na fi so ku tsaya a kai, don ni a cikinsa na tashi. Idan ka fita Kano ta arewa, ko ka bi hanyar Katsina ta Dawanau zuwa Bichi, ko ta Daura zuwa Ɗambatta, ko ka karkata wajen Minjibir, ba daji za ka shiga ba. Gona ce manne da gona, gida kusa da gida, ba ka rabuwa da ganin mutum. Babu saura, wato ba a barin gona ta huta shekara biyu ko uku kamar yadda ake yi a inda ƙasa ta yalwata. Kowace damina ana noma ta, tun kaka da kakanni, ƙasa ce kuma mai yashi, ruwan shekara wata huɗu ne zuwa biyar. A lissafin masana da yawa irin wannan ƙasa ya kamata a ce ta mutu tuntuni. Ba ta mutu ba. Wannan ne ya ja hankalin wani masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero. Shi da abokin aikinsa Wilson suka fitar da bincike a 1965 a kan wannan yanki da ke zagaye da Kano, inda ɗaruruwan mutane ke rayuwa a kan kowace murabba'in kilomita, ya kuma ci gaba da bibiyar yankin shekara da shekaru. Har yau idan masana na gardama a kan ko yawan jama'a dole ne ya kashe ƙasa, gonakinmu na cikin misalan da ake kawowa. Gonakin da mu muke wucewa a mota muna danna waya.

Sirrin ba wani boyayyen abu ba ne, kowane yaro a garinmu ya san shi. Da damina ana ɗaure awaki da tumaki a turke, a yanko musu ciyawa, takinsu na taruwa wuri guda. Da rani a kwashe a kai gona a zuba tsibi-tsibi. Ba a ƙona kara, ba a zubar da harawa, a kan bishiya ko rufin ɗaki ake jibge ta don dabbobi. Gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda ake haɗa su, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Bishiyar da ka gani a tsakiyar gona kuwa ba da kanta ta tsira daga gatari ba, barin ta aka yi da gangan, kuma tana da mai ita: ɗorawa don kalwa, kuka don miya, tsamiya don kunu, kanya don yara. Sai gawo, wanda ya saɓa wa sauran itatuwa, yana zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya yi kore shar da rani lokacin da dabba ke neman abin ci. A ƙarƙashinsa gero ya fi kyau. Sannan ga abin da a dā ya ɗaure birni da ƙauye da igiya ɗaya: jakuna su shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da toka da sharar gidaje, a kai gona. Abin da birni ya share ya zubar shi ke komowa masa a matsayin tuwo. In ana neman abin nuna wa baƙo mai hankali, wanda ya zo don ya fahimci yadda babban birni ya rayu shekara dubu a bakin Sahara, wallahi wannan ya fi takobin da ke cikin gilashi bayani. Ana ce wa Kano tumbin giwa, mun ji mun yarda. Wa ke cika tumbin?

Dalar gyaɗa ma da muke ta sa hotonta muna kukan an bar mu a baya, buhunan ba a Ƙofar Mazugal suka tsiro ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, manoman wannan yanki suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa a kan audugar da Turawa suka so su noma. Sunan Alhassan Ɗantata kowa ya sani, kuma ya cancanta. Na waɗanda suka yi roro da ɓanɓara ba wanda ya rubuta.

Za a ce mini to hawan sallah fa, ai wannan na birni ne tsantsa. Ko kusa. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake taƙama da su, muka yi ta murna, ni ma na yi. Amma ku tsaya ranar hawan Daushe ku ƙirga tawaga-tawaga da ke zuwa jahi. Hakimai ne daga gundumominsu, da dagatai da masu unguwanni da 'yan rakiya a bayansu. Cikin masu zaɓen sarki huɗu, biyu a arewacin Kano suka yi shekara da shekaru suna hakimci: Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta. Dokin da baƙo ke ɗauka hoto, harawar da ya ci wata goma sha biyu daga ina take? Yaron da ke riƙe da linzami, ina zai kwana bayan an watse? Mu kayan ado kaɗai muke rubutawa, alkyabba da rawani da laima. Ban da haka, kun ga yadda a 'yan shekarun nan aka sha dakatar da hawan, wani lokaci saboda annoba, wani lokaci saboda rikicin masarauta. Duk shekarar da aka dakatar sai mu yi tsuru-tsuru kamar ba sauran abin da za a nuna wa baƙo a ƙasar Kano. Wanda ya ɗora duk abincinsa a kan kwana huɗu ko biyar sau biyu a shekara, ai shi ya so yunwa.

Hawan da kansa yana nuna mana hanya, mu ne ba ma bi. Da babbar sallah sarki kan fita hawan Fanisau. Fanisau tana ƙaramar hukumar Ungogo, arewa da birni, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Sarki Ibrahim Dabo ya mayar da ita sansani lokacin da yake fama da Ɗan Tunku daga arewa, a can ma Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. Akwai dutse, akwai gidan sarki, akwai kuma tarihin da ba mu cika son faɗa ba: gandayen sarki da na manya da ke wurin bayi ne suka noma su. Wani ɗan ƙasar nan, Mohammed Bashir Salau, ya rubuta littafi sukutum a kan haka, da Ingilishi, aka buga a waje a 2011. Da Hausa fa? Jikokin waɗanda suka yi noman da Hausa suke magana. Ga labari kwance mai nauyi, wanda zai iya ɗaukar ƙagaggen littafi guda, amma marubucinmu ya gwammace ya kai jarumarsa Dubai sayen gwal.

Nan ne rainin yake, kuma mu marubuta muna cikin masu shayar da shi. Ku tuna yadda ƙauye ke fitowa a yawancin littattafanmu na soyayya. Wuri ne da ake ɗauko yarinya mai datti da kitso ya tsufa, a kawo ta birni, a wanke ta, a koya mata cin abinci da cokali, sai kyanta ya fito. Ko wurin da ake tura ɗan da ya gagara don horo. Ko gidan boka. Ƙauyen ba shi da suna, ba shi da ranar kasuwa, ba a san me ake nomawa ba, bishiya ɗaya ba a ambata da sunanta ba. Abin takaici, da yawa daga masu rubuta haka a irin waɗannan garuruwa aka yanke musu cibiya. Lokacin da nake karatun difloma a birni na zauna da samari 'yan yankinmu waɗanda in an tambaye su gari sai su ce Kano, su yi sauri su sauya zance. Na taɓa raka wasu baƙi 'yan kudu zagayen gari tare da wani ɗan jagora da suka ɗauka. Ɗaya daga cikinsu, malamar aikin gona ce, ta tambaye shi me ke gaba idan aka miƙe hanyar Katsina. Ya ce mata ba komai, gonaki ne kawai. A bakinsa "gonaki" da "ba komai" kalma ɗaya ce. A gaban nan da ya ce ba komai kuwa kasuwar Dawanau take, wadda ake lissafawa cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, inda ake lodin wake da riɗi da zoɓo zuwa Nijar da Chadi da ƙasashen da suka fi su nisa. Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da aka rubuta ya haddace, mu kuwa mu ne masu rubutawa.

Na san amsoshin da za su biyo baya, wasu ma suna da ƙarfi, ba zan yi kamar ban gan su ba.

Wani zai ce baƙo kwana biyu gare shi, tsohon gini ya zo gani, ba kunyar gero ba. To wane baƙo? Mun saba in an ce yawon buɗe ido sai mu hango Bature da kyamara a wuya. Turawan nan yanzu nawa ne ke zuwa? Baƙin Kano na gaskiya su ne 'yan kasuwar da ke sauka Kwari da Singa daga Maraɗi da Damagaram da Agadas, da 'yan bautar ƙasa da aka turo daga kudu, da ɗaliban da makarantu ke cikowa a bas daga Jigawa da Katsina, da 'yan biki, da 'ya'yan Kanawan da aka haifa a Legas ko Abuja aka kawo su ganin dangi. Har da ɗan birnin kansa, wanda bai taɓa ganin yadda ake ɗaure damin gero ba. Waɗannan Hausa suke ji ko suke koyo, su ne masu karanta mu. Ban ce a soke Dala ba. A hau ta da safe, a juya a fuskanci arewa, a ce wa baƙo: abin da ya gina duk wannan yana can, gobe za mu je.

Wani zai ce babu tsaro, babu masauki, babu ko ban-ɗaki mai kyau. Akwai gaskiya a ciki. Garuruwan da ke iyaka da Katsina sun ɗanɗana hare-haren 'yan bindiga, kuma marubucin da ya ɓoye wa mai karatu haka ya ci amanarsa. Sai dai Fanisau da Dawanau da Minjibir duk wuraren da za ka je ka dawo ka yi la'asar a birni ne. Batun ban-ɗaki kuwa, fisabilillahi, wanne aka tanadar wa baƙo a gindin Dala? Ba a taɓa cire ta daga jeri saboda haka ba.

Amsar da ta fi damuna ita ce ta uku, don daga mutanenmu take fitowa: kada a mayar da mu gidan zu, a riƙa kawo masu kuɗi suna ɗaukar hoton talaucinmu. Wannan tsoro ne na gaske. Na ga yadda ake tsayar da mota a ɗauki hoton tsohuwa tana sussuka ba sallama ba neman izini, a sa a Facebook a rubuta "rayuwar ƙauye mai daɗi", alhali mai rubutun ba zai iya kwana ɗaya a ɗakinta ba. Ba wannan nake kira a yi ba. Bambancin yana ga wanda ke riƙe da bayani. In ɗan garin ne ke gaba, shi ke cewa ga abin da za a gani ga wanda ba za a shiga ba, shi ke karɓar ladan jagora, masaƙi ya sayar da gwadonsa hannu da hannu ba tare da dillali uku a tsakani ba, to baƙo ɗalibi ne ya zo ɗaukar karatu. In kuwa daga birni aka zo da mai bayani, mutanen gari suka zama kayan ado a bayan hoto, gara a bar mu yadda muke. Shi ya sa nake cewa aikin namu ne, mu da muka fito daga can muka kuma iya riƙe alƙalami. In ba mu rubuta ba wani zai rubuta, kuma da idon mai wucewa zai rubuta.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a yi wa karkara irin kwalliyar ƙaryar da ake yi wa birni. Wanda zai rubuta dam ɗin Wasai a Minjibir ya rubuta masunta da kwalekwale da lambunan rani, ya kuma rubuta cewa ruwan Jakara ne ke zuba a ciki, ɗauke da dattin birni da na masana'antun Bompai. Dā toka birni ke aiko mana ta zama taki, yau abin da yake aikowa leda ce da ruwa mai wari, kayan lambun da aka shayar da shi kuma birni suke komawa. Igiyar tana nan, abin da ke bin ta ne ya sauya. Baƙon da aka nuna wa wannan ya fi wanda aka kai kantin zamani sanin Kano.

Masu neman abin yi a fili, ba kallon gini ba, su ma ba a rasa musu ba. Da kaka akwai dambe da kokawa a fagen gari, inda abin ya samo asali kafin a kai shi gidan dambe a sa tikiti. Akwai kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, wadda karar dabbobinta kaɗai ta isa yini. Akwai dam ɗin Watari a Bagwai da na Tomas, da noman ranin da ke kewaye da su, lokacin da ko'ina ya bushe su suna kore. Akwai tafiyar ƙafa ta burtali da sanyin safiya, daga wannan ƙauye zuwa wancan, wadda a wasu ƙasashe kuɗi ake biya a yi irinta. Mu a nan sai wanda ya rasa kuɗin mota.

Abin da ya sa nake ɗaga murya yanzu, ba baɗi ba, shi ne wurin da nake magana a kai yana ƙarewa muna kallo. Ku bi ta Ungogo ko Dawakin Tofa ku ga yadda awon igiya ke cin gonaki. Magada su sayar, dillali ya yanka fuloti-fuloti, a sare ɗorawar da ta girmi kakan mai sayarwa, a kafa bulo huɗu a kusurwa a tafi. Ba na zagin wanda ya sayar, wani aurar da 'ya zai yi, wani asibiti zai biya, birni kuma dole ya faɗaɗa. Amma badala in ta rushe akwai hotonta, akwai masu kuka a rediyo, tun 2007 ma tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a amince da su. Gonar da aka shekara ɗaruruwa ana gina ƙasarta da taki, in ta tafi shiru take tafiya, ko sunanta ba ya saura. Kowace gona a garinmu tana da suna, kowace fadama, kowace tsohuwar rijiya. Unguwar da za a gina a kai sunan wani mai kuɗi za ta ɗauka.

Muna da gadon rubutun tafiya a Hausa. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Sun je ƙasar wasu sun zuba ido sun tambaya, suka dawo suka ba mutanensu labari. Mu an ce mu yi kilomita ashirin daga Ƙofar Ruwa abin ya gagara. Duk wanda a cikinmu zai sake rubuta wa baƙo jagorar Kano, ina roƙonsa ya ware rana ta biyu ya fita ta ɗaya daga ƙofofin arewa. Ya sauka inda kwalta ta ƙare, ya yi sallama a ƙofar mai unguwa, ya ce a haɗa shi da dattijon da ya yi safarar toka da jaki. Suna nan da ransu, sai dai furfura ta gama cin kansu. Ya tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, ta wace ƙofa yake shiga, sawu nawa yake yi a yini, me yake kaiwa, nawa ake sayar masa da mangala, da kuma sharar wace unguwa ce ta fi kyau da gero.